Tabo Ba Ya Neman Fasfo

A kasuwar Kamba na ji tarinsa
kafin in ga fuskarsa.
Tari biyu gajeru, sai tsaki.
Haka yake yi a can, bayan rairayi,
kafin ya ɗaura mini wayar wuta a yatsun ƙafa
ya ce in kira gida a turo kuɗi.

Yau ga shi yana taya buhun albasa,
ya yi ƙiba, ya ajiye gemu.
Ban yi ihu ba. Gwiwoyina ne suka tuna.

A Birnin Kebbi lauyansa ya miƙe:
wai ba ɗan ƙasa ba ne,
wai ba a ƙasarmu abin ya faru ba,
wai hannun kotun nan bai kai can ba.

Barista Kulu ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, Labbo, cire rigarka.
Na cire.
Fanka na juyawa. Magatakarda ya ajiye biro.

Ya mai shari'a, wannan bayan nawa
ba wanda ya tambaye shi fasfo a kan iyaka.
Tare muka shigo, tare muke kwana,
shi ke hana ni saɓa ɗana a kafaɗa.
Tun da ciwon ya iso Kebbi,
me zai hana hukunci ya tarar da shi a nan?

Nomau bai dawo ba.
Da murfin kwano muka tona masa rami.
Uwarsa na benci na uku,
takalmansa cikin leda.

An ɗage zama sai bayan salla.
Da za a fita da shi ya yi tari, sau biyu.
Wannan karon
ban sunkuyar da kai ba.