Minti Biyar a Birnin Kebbi

Malam Gado ya zuba ƙuri'a a hularsa,
na sa hannu na ciro 'yar takarda.
Ta ce: tsaya ka kare
a rufe kogi wata uku duk damina,
kada taru ya shiga, kada ƙugiya ta sauka.
Aji ya fashe da dariya.
Ɗan masunci, suka ce,
yau za ka yi shari'a da tukunyar gidanku.

Kwana goma sha ɗaya ina haddar hujja.
Ige, abokiyar tsayuwata, ta aro agogon wanta,
in na zarce minti biyar ta buga murfin kwano.
"Kana haɗiye ƙarshen kalma," in ji ta,
"kuma daina kallon rufi, alƙalai ba can suke ba."

Da la'asar nakan gangara bakin ruwan Yawuri
in gai da shugaban zama, kwalekwale ne a kife,
in gai da alƙalai, balbelu uku a kan turke,
in gai da mai kula da lokaci:
rana ce, ba ta ƙara wa kowa daƙiƙa.

Ashe Baba na bayan rumfa yana ɗinkin taru,
duk abin da na faɗa ya faɗa kunnensa.
Daren tara ya ce, "Zo nan, lauya.
Hujjarka ta littafi ce, ko jiƙewa ba ta yi ba."
Ya buɗe tafi: 'yar karfasa, ba ta kai yatsa ba.
"Zamanin kakanka, abin kunya ne a fito da wannan.
Giwan ruwan da yake kamawa
sai mutum biyu sun rataya a sanda.
Gaya musu haka.
Amma in sun tambayi me za mu ci a wata ukun,
kada ka yi musu ƙarya."

Motar asuba. Ige ta yi amai a Koko.
A Jega muka sayi ƙosai, na kasa ci,
mai ya ɗiga a farar rigar aro.

Zauren ya fi kasuwar kifi cika.
Fanka ɗaya ke juyi, lasifika na tari.
Na miƙe, gwiwata ta ce zauna,
na ƙi.
Na ba su kifin kakana, na ba su na tafin Baba,
na ga alƙali mai tabarau ya ajiye biro yana kallona.

Sai Rifkatu 'yar Zuru ta tashi,
ba takarda a hannunta, murya kamar ana kirɓa sakwara:
"Mai girma shugaba, ina tambayar ɗan'uwana,
wata ukun nan,
yunwa ma hutu za ta tafi?"
Tafi ya ɗauke rufin zauren.

Ina da amsa. Mun shirya ta da Ige,
da lissafinta, da karin maganarta, sumul.
Tana kan harshena
na tuna yatsun Baba da zare ya tsattsaga.
Na ce, "Ban sani ba.
A gidanmu ma tambayar ke nan."
Ƙararrawa ta buga.

Maki biyu suka raba mu da kofi.
Muka dawo da ƙamus da agogon bango.
Ige ba ta yi mini magana ba har Koko,
can ta miƙo mini rake ba ta dube ni ba.

Na tarar da shi inda na bar shi.
Bai tambayi kofi ba.
"Sun tambaya?"
"Sun tambaya."
"Ka ce me?"
Na gaya masa.
Ya ciji zare ya tsinke,
ya miƙo mini bakin taru.
"Riƙe nan," ya ce. "Ja da kyau."