A Soki Buhu

Gwiwata ta ce ƙaras a filin Bajoga,
minti na saba'in, muna gaba da ci ɗaya.
A kan ƙyauren shagon Bappa Manu aka fitar da ni,
takalmina na rataye a ƙusa har yau.

Koci Hammayo bai yi dogon jaje ba.
Ya miƙo littafi mai jan bango, ya ce, "Riƙe.
Ƙafa ce ta tafi, kai yana nan."

Ɗari bibbiyu duk Juma'a: wa ya biya, wa ya ɓuya.
Kuɗin alƙalin wasa, ruwan leda buhu uku,
tokar jan layi, zaren ɗinke raga,
motar zuwa Dukku da direban da ya shanya mu
a tasha har azahar ta gota.
Shekara biyu ina lissafin gumin wasu,
na gane tun daren jiya ake cin wasa
kafin kowa ya taɓa ƙwallo.

Sai mai kwat ya zo don Jalo, lamba tara ɗinmu,
ya baje takarda shafi huɗu a kan mota.
Aka ce in duba, tunda ni ne mai biro.
Na karanta, ban gane ba,
na ji kunyar cewa ban gane ba.
Jalo ya sa hannu.
Yau baro yake turawa a garin da bai san kowa ba,
ƙafar hagun nan tasa mai raba gardama
tana aljihun mutumin da ba ya ɗaga waya.

Abin da ya kai ni shagon kwamfuta ke nan.
Yaron ya ɗaga yatsa: "Zaɓin farko?"
Na ce, dakata.

Ga wata can kudu, suna kamar ganga,
ciyawa kore shar, tafkin ninƙaya a hoto,
kuɗin mota kaɗai buhun wake, ban da dawowa.
Ga wata kusa, in kwana gida in sha kunun Adda,
sai dai malamin motsa jiki suke yayewa, usur a wuya.
Ba raini ba ne, ni ba usur nake nema ba.
Ta ukun ko hoton kirki babu,
gini ɗaya, da lambar waya a ƙasa.

Baba ya yi dariya har da tari:
"Yanzu tamaula ma sai da digiri?"
Amma bayan isha'i ya kira ni rumfa.
"Shekara talatin ina sayen wake,
ban taɓa biya don kyan buhu ba.
Soka shi, zuba a tafi.
In da ƙwari, da ƙafarsu za su fito."

Na sayi kati, na soka.
Ta farko ta yi ta kuka, ba mai ɗauka.
Ta biyu aka ce in zo da kaina ranar Litinin.
Ta uku wata malama ce, muryarta a dishe.
Na ce, "Kuna koyar da karatun yarjejeniya?"
Ta ce, "Zango biyu, har sai ta gundure ka.
Filinmu sanƙo ne, kar a ruɗe ka,
ruwa ma sai ka yi asubanci.
Amma a aji uku kowa sai ya shirya gasa da kansa,
ya nemo kuɗi, ya nemo masu tsaro,
in rigima ta tashi, sunansa za a kira."

Na koma shagon, an ɗauke wuta,
na jira janareto kusan awa.
Yaron ya ce, "Ka tabbata? Waccan fa ta fi suna."
Na ce, danna.

Jan littafi na damƙa wa Gidado ƙarami:
akwai ɗari shida a kan gola, kar ka yafe.
Kwafin takardar Jalo kuwa yana cikin jakata, ninki huɗu.
Shafi na uku, layi na tara,
a nan zan fara ɗaga hannu.