Babu Bango a Teku

Shekara goma sha ɗaya ina bin baƙin layi guda
da aka shata a ƙasan tafkin Legon.
Na san shi fiye da fuskar maƙwabcinmu a Nima.
In taɓa bango in juya, in taɓa bango in juya,
kamar ƙoshiyar masaƙi
da ba ta taɓa ganin zanen da take saƙawa ba.

Ranar zaɓen masu tafiya gasar waje
agogo ya ce na makara.
Ba da minti ba, ba da daƙiƙa ba,
da abin da bai kai ƙiftawar ido ba.
Yaron da ya riga ni ɗan sha bakwai ne,
ya miƙo hannu yana ce mini yaya.
Na shiga trotro da jiƙaƙƙen tawul a jaka,
na wuce tasharmu ban ce a tsaya ba.

Wata huɗu ban taɓa ruwan da ya fi na buta yawa ba.

Kawu Munkaila mai gyaran keke a bakin babbar kwata
bai yi mini jaje ba.
Yana faci, bai ko ɗago kai ba, ya ce:
"Sallau, murhu duwatsu uku ne.
Kai ka ɗora tukunyarka kan ɗaya, kana mamakin ɓari."
Ya sauko da ƙashin wani keke daga ƙusa,
ɗan gwanjo, an shigo da shi ta Tema,
sarƙa daga nan, giya daga can,
sirdin kuwa, Allah ya isa.

Hawan Aburi ya koya mini cinyoyina ba nawa ba ne.
Kafaɗun da nake taƙama da su
suka zama buhun masara da nake ja zuwa sama.
Mai sayar da abarba ta ga na sauka ina turawa,
ta yi dariya har ta dafe tebur.
Na sayi abarbar.

Sai teku.
Ranar Talata muke shiga, masunta na hutu,
jiragensu na kife a yashin Labadi.
Na duba ƙasa neman layina, sai duhu mai kore-kore.
Wani ya shure ni a haƙarƙari, wani ya hau bayana,
na sha gishiri har na tuna sunan kakata.
Babu bango a teku.
Babu inda za ka taɓa a ce ka iso.

Gudu shi ne ɗan auta, shi ya fi rashin kunya.
Ka sauka daga keke bayan kilomita arba'in,
ƙafa ta ce ba ta san ka ba.
Na lallashe ta a titin Kanda bayan Asuba,
ina wuce Hajiya Lantana tana kafa tukunyar koko,
tana cewa, "Wa ya koro ka yau ma?"

Shekara uku ke nan.
Jiya aka rubuta lamba a damtsena da baƙin alƙalami
cikin jerin manya, waɗanda kekensu ya fi kuɗin ɗakinmu.
Na fito ruwa na farko.
A keke mutum biyar suka wuce ni kamar ina tsaye.
A gudu na ƙwato biyu,
na biyun a gaban wata mai waakye da ta bar ludayi tana ihu.

Na huɗu.
Ba a hawa dandamali da na huɗu.

Kawu bai tambayi matsayi ba.
Ya durƙusa ya juya tayar baya, ya kasa kunne,
ya ce sarƙar na kuka a giya ta uku,
in kawo ta kafin Laraba.