Faifai a Gonar Shinkafa

Baffa Shekarau ya rataye tsofaffin faifan sidi
a kan sanduna, gefen shinkafarsa a fadamar Auyo,
wai don jan-baki su ga walƙiya su canza shawara.
Ni ina rumfar kara, an ba ni gadi,
kwamfuta a cinya, caji saura kashi talatin.

A cikinta ni ma na yi huɗa.
Kunya, kwari, kunya, kwari,
sai dai silin gashi ɗaya
zai rufe kunyoyina hamsin.
Na yanka fili gida-gida kamar ramukan dara,
na daka lokaci ya fi garin tuwo laushi,
sannan na sako haske daga gabas,
ɗan guntu, loma ɗaya,
mai kai da wutsiya kamar tarwaɗa.

Shekaranjiya na yi wauta.
Na faɗaɗa taku don in gama kafin la'asar,
haske ya tsallake gida bai yi sallama ba,
lambobi suka kumbura, suka kumbura,
allo ya yi fari fat.
Sauri dai ya haifi nawa.
Jiya kuma bangon lissafin ne ya yi mini amsa-kuwwa,
abin da ya fita ya dawo ya dagula ruwan.
Na kwana ina zuba wa gefuna rairayi
mai shanye komai, ba ya mayarwa.

Yau ga shi yana tahowa a hankali.
Kansa ya taɓa kunyar farko.
Kowane kwari ya buɗe baki ya maimaita abin da ya ji,
muryoyin suka haɗu a sama,
a nan su ƙara wa juna ƙarfi,
a can su kashe juna, wurin ya yi shiru.
Ashe loma ɗayan nan ayari ce.
Ja ya fi kowa karkata,
shuɗi ya ɗan kauce kawai, kamar mai jin nauyin surukai.

Lantana ta kawo mini kunu.
Ta leƙa allo, ba ta ce komai ba.
Ta je ta kama faifai ɗaya, ta juya shi ga rana,
bakan gizo ya zubo mata har gwiwar hannu.
“Yaya, wannan kake nema?”

Shi ne.
Kwana uku ina bin sawunsa da ƙafar lissafi.
Na buɗe baki zan ce mata
ni dalilin nake so, da kusurwar, da yawan abin da ya ɓace a hanya,
sai allo ya ƙifta a taku na dubu tara,
wutsiyar hasken ba ta ma iso ba.

Daga can Baffa ya kwarma ihu.
Jan-baki sun sauko kamar hayaƙi,
faifan ba su dame su ba.
Na kife kwamfuta a kan tabarma,
na ja igiyar gwangwanaye da hannu biyu.