Rasiɗin da Ruwa Ya Ci

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a Agege,
ɗaki ɗaya, da keke a bakin taga,
in jirgin ƙasa ya wuce har allura sai ta yi rawa.
Baba Ajisafe ne mai gidan.
Duk Janairu in ƙirga masa kuɗi a tafin hannu,
ya lashi yatsa, ya sake ƙirgawa,
ya yago takarda a littafin jikarsa
ya rubuta: Mamuda tela ya biya.
Iyakar dokar da ke tsakaninmu ke nan.

Bara na biya na shekara biyu a dunƙule,
kuɗin ɗinkin Sallah, da adashin Hansatu.
Na ninke takardar, na sa a gwangwanin maɓallai
a ƙarƙashin gado.

Wani daren Yuni kwata ta tumbatsa,
ruwa ya shigo ko sallama babu.
Muka ɗauki yara, muka ɗauki kan keke.
Da gari ya waye, gwangwani na iyo a bakin ƙofa,
tawadar Baba ta narke,
sai shuɗi-shuɗi, kamar an wanke sabuwar shadda.

Na ce ba komai, ai Baba na raye.
Agusta bai ƙare ba Baba ya kwanta dama.

Ɗansa ya sauka daga Turai da agogo mai walƙiya,
bai san sunana ba, lambar ɗakina ya sani.
Wata safiya na iske takarda manne a ƙofa,
Turanci ƙanana kamar jerin tururuwa.
Ummita ta karanto min tana tuntuɓe:
wai ana bina haya, wai in tattara in fita.
Ta tsaya cak a wata doguwar kalma.
Ni ma ban san ta ba,
amma na ji nauyinta a ƙahon zuci.

Kotu na Ogba. Danfo biyu, sauran a ƙafa.
Zuwan farko, alƙaliya ta tafi taro.
Na biyu, lauyansu ya maƙale a cunkoson gada.
Na uku, ga kowa, babu tafinta.
Duk ɗage zama, yadi biyar ne ban yanka ba,
wani ango ne ya gaji ya kai shaddarsa gaba.

A benci na zauna da wata mai kifi
da aka kwashe wa faranti a bakin titi,
da wani yaro da ya tsaya wa abokinsa beli,
abokin ya bi iska.
Ba mu jin bakin juna.
Ta ɓare lemo, ta raba uku.

Zuwa na huɗu aka ce, ina shaidarka?
Na warware takardar a hankali kamar mai cire bandeji.
Lauya ya ɗaga ta sama, haske ya ratsa ta,
wani ya yi dariya daga baya.
Na ce, ranki ya daɗe, Allah ya gani.
Ta cire tabarau, ta dube ni, ba faɗa a muryarta:
Malam, ban ce ƙarya kake ba,
amma ni takarda nake karantawa.

Jiya da dare aka ƙwanƙwasa.
Morenike ce, jikar Baba,
tsohon littafin lissafi ɓoye a gyalenta.
Ta ce, kakana danna biro yake da ƙarfi.
Muka goga fensir a shafin da ke ƙasa,
sai ga haruffa na tasowa fari-fari
kamar duwatsun rafi in ruwa ya kwanta:
Mamuda tela ya biya.
Har da shekarun, har da karkataccen sa hannunsa.
Hansatu ta juya baya tana share ido da haɓar zane.

Ban sani ba ko doka na karɓar sawun biro.
An ce mu koma ran tara ga wata.
Na dai ɗinka wa shafin riga ta leda,
ninki biyu, da zaren da ba ya tsinkewa,
na rataye ta a ƙusa, can sama,
inda ruwan Legas bai kai ba
tukuna.