Faci

Shekara arba'in da ɗaya ina zaune a Bab Makka,
nan Jidda, inda iska ke ɗauke da gishiri,
ina ɗinke wa mahajjata takalman da tafiya ta cinye.
Basilla, zare, kakin zuma a gwangwanin madara.
Ba fatar da ban sani ba:
ta akuya mai ladabi, ta raƙumi mai gardama,
kirgin sa da sai ya kwana a ruwa yake jin magana.

Sai ga tawa ta ƙi ɗinkuwa.

Ƙusa ce na taka, ban ji ba,
don suga ya riga ya sace min jin tafin ƙafa.
Lantana ce ta ga jini a kan darduma
ta ce, Nomau, wa aka yanka?

Azumi uku gyambon nan ya yi tare da mu.
Ya sha zuma, ya sha man habbatus sauda,
ya sha garin bagaruwar da nake jima da ita,
bai ce na gode ba.
Jikana Mu'azu ya daina hawa cinyata.
Bai faɗi dalili ba, hancinsa ya faɗa.
A masallaci na koma bakin ƙofa, kan kujerar roba,
kusa da takalman mutane, rabinsu aikina.

Dakta Rihab ta kankare mataccen nama
kamar yadda majemi ke yi, ba tausayi, ba mugunta.
Ran Talata ta zo da wani faranti a rufe,
ciki ga abu kamar yanar madara,
ja-ja, yana rawa.

Na ce, ta wace dabba ce? Wa ya jeme ta?
Ta yi dariya a bayan takunkumi:
Baba, ba jima aka yi ba, raino aka yi.
Shimfiɗar daga jikin sa aka tato,
ƙwayoyin kuwa na kaciyar wani jariri ne,
aka ba su ɗumi da abinci a cikin kwalba
har suka yaɗu suka riƙe hannun juna.

Na yi shiru.
Wanzami dai ba ya son jarfa.
Sai da na aika aka tambayo liman,
ya ce lalura ce, a sa, Allah shi ne mai warkarwa.

Ta ɗora ta a hankali, ba zare, ba allura.
Na ce, 'yata, facin da ba ɗinki ai ba ya kai kasuwa.
Ta ce, wannan ba zama ta zo yi ba.
Baƙuwa ce, za ta tashi masu gida daga barci,
in sun kama aiki ta narke.

Ta farko ta narke, masu gida ba su farka ba.
Na yi fushi da kowa, har da agogon bango.
Aka sa ta biyu. Aka hana ni taka ƙasa,
aka ɗaure ƙafar cikin wani ƙaton takalmi
da ko almakashina ba zai yarda shi ya yanka ba.

Duk mako tana aunawa da ma'aunin takarda.
Faɗin riyal.
Ƙwallon dabino.
Ƙwayar masoro.
Daga gefe yake haɗowa, kamar bakin jaka in an ja igiya.

Jiya Mu'azu ya hau cinyata bai sani ba,
yana ba ni labarin ƙwallo.

Yau na koma shago da sanda.
Kafin in karɓi aikin kowa
na yanki jar fatar akuya, mafi laushi,
na ɗinka ɗan takalmi, ƙafa biyu.
Ban san sunan yaron ba, ban san garinsu ba,
wataƙila yanzu har ya yi gemu.
Na dai rataye su a ƙusa, sama da kaina.
An taya sau biyu kafin la'asar.
Na ce da mai su.