Ƙofar Tururuwa

Shekara ashirin da biyu buhun albasa yana hawa na,
daga gindin mota zuwa rumfa. Kasuwar Tawa ta san wuyana.
Ran da baya ya zo karɓar bashinsa
bai yi sallama ba.
Wuta ce ta tashi daga ƙugu,
ta bi bayan cinya kamar igiyar guga,
ta sauka har babban yatsa, ta ƙulla kanta can.

Wanzam Cindo ya kafa mini ƙaho bakwai,
jini ya fita, baƙon ya gyara zama.
Na sha sassaƙe, na haɗiyi ƙwayar 'yan tebur,
salla ta koma a zaune,
goshina ya manta ɗanɗanon ƙasa.

Suka ce Yamai. Na ce wuƙa ke nan.
Na faɗa wa Haɓsu inda na binne takardar fili,
na shiga mota a tsaye, don kujera ta zama maƙiyiya,
ina ƙirga ramukan hanya da ƙafar hagu:
Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso.

Likita Bibata, Hausarta da gishirin Zabarmanci,
ta ɗaga hoton bayana wajen fitila.
Ga gwangwala, ga gaɓoɓi,
ga inda matashin tsakani ya ɓullo ya taka jijiya
kamar jaki kan tiyon ban ruwa.
Ta ce, "Ba yanka. Kwanta ruf da ciki."

Na kwanta ina jiran wuƙa.
Sanyi, sai cizon cinnaka,
allura tana tafiya, idonta yana kan allo,
tana tambaya ta farashin albasa bana.
Ban gama ba ta amsa ba ta ce, "Shi ke nan."

Shi ke nan?

Da na dawo Haɓsu ta ɗaga rigata,
ta wuce tabon Cindo ɗaya bayan ɗaya
tana neman inda jikkunanmu suka shiga.
Sai ɗigo, ƙofar tururuwa.
Ta ce an cuce mu.

Kwana tara, da asuba,
na sunkuya ɗaukar buta, na taso, sannan na tuna.

An ce yana iya dawowa, an ce in bar buhu.
Yanzu ni ke riƙe da littafi a bakin mota,
ina kallon yara suna duƙawa da baya
ina yi musu tsawa: da gwiwa, ɗan nan, da gwiwa!
Suna dariya. Ni ma haka na yi.